Fasili a Gindin Katanga: Nasiha ga Ƙannena na Kado

Ƙannena maza da mata na Kado da kewayenta, tun daga Kado Estate da Kado Kuchi har zuwa Jahi da Life Camp da bakin Gwarimpa, da ku nake yau, kuma maganar tawa a kan wani ɗan ganye ce. So nake kowannenku ya samo tsohon bokitin fenti ko buhun shinkafar da aka juye, ya cika shi da ƙasa, ya shuka fasili a ciki da zarar damina ta ɗauke. Na san wani zai yi mamakin yadda babba zai zauna yana yi wa matasa nasiha a kan ganyen da ake barbaɗawa a saman shinkafa don ado, alhali ga rashin aikin yi, ga tsadar haya, ga kuɗin mota. Ku dai ba ni aron hankalinku, akwai dalili.

Yawancinku jikokin manoma ne. Kakan wani auduga ya noma a Funtuwa, na wani gero da riɗi a Gumel, wata kuma kakarta ba ta taɓa sayen ganyen miya ba don bayan ɗakinta cike yake da rama da yakuwa da lalo. Ku kuwa kun tashi a gidan da aka shimfiɗe tsakarsa da intalok daga ƙofa har katanga, ko a bene hawa na biyu inda ƙasar da kuka sani ita ce ƙurar da ake gogewa a kan tebur. Na sha tambayar yaran da aka haifa a Abuja ta wane ɓangaren gidansu rana ke fitowa a watan Disamba, ko a wane wata ruwan fari ke sauka, ko daga ina ruwan famfonsu yake zuwa, sai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne, babu abin da ya taɓa tilasta musu su lura. Amma abin yana damuna ƙwarai. Mutum ya shekara ashirin a wuri bai san iskarsa da ranarsa da ƙasarsa ba, ni dai a wurina wani irin maraici ne. Filin nan da Kado ke zaune a kai gonakin Gbagyi ne, na doya da dawa, kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin ya zama babban birnin tarayya a 1976, kafin kuma a taso daga Legas a 1991. Ƙasar tana nan daram a ƙarƙashin simintin.

To me ya sa fasili, ba alayyafo ko yakuwa ba? Waɗannan 'yan gida ne. Ka watsa irin alayyafo a bayan kicin cikin damina ka manta da shi, kwana kaɗan ya tsiro, wata guda ka yi miya. Ku shuka su, ina ƙarfafa muku gwiwa a kan haka. Sai dai ba za su koya muku komai game da gidanku ba, don ba sa gindaya wa kowa sharaɗi. Fasili kuwa baƙo ne. Asalinsa daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum yake, danginsu ɗaya da karas da seleri, kuma da sanyi-sanyi ya saba. Wanda zai sauki irin wannan baƙo a Kado dole ya san inda inuwar gidansa take, da lokacin da sanyi ke shigowa, da irin ruwan da yake da shi, da abin da ke cikin ƙasarsa. Kafin ku yanki ganyen farko, za ku san gidan da kuke kwana a ciki fiye da yadda kuka san shi a duk shekarun da suka wuce. Wannan shi nake nema muku, ganyen kuma riba ce a kai.

Fasilin da kuke gani a faranti a kasuwar Utako ko Wuse, an ɗaure shi ƙulli-ƙulli kusa da latas da karas da koren wake, galibinsa daga Jos yake zuwa. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, ya fi Abuja tsawo nesa ba kusa ba, shi ya sa sanyinsa ke karɓar kayan lambun da zafinmu ke wahalarwa. Har kududdufan da haƙar kuza ta bari a can sun zama wurin ban ruwan lambuna. Daga gona zuwa kasuwar Farin Gada, daga nan a loda a mota a bi ta Akwanga da Keffi, kafin ya iso hannunku ya kwana a hanya. Ku saya ku kawo gida, gobe ya yi laushi, jibi ya fara rawaya, musamman idan wuta ba ta zauna ba firij ya huce. Ga shi kuma ɗan kaɗan ake bukata a girki ɗaya, ragowar a bola take ƙarewa. Ganyen da ake amfani da shi kaɗan-kaɗan kuma ba ya jure ajiya, a raye ya kamata a ajiye shi, kusa da ƙofar kicin.

Akwai wani abu kuma. Fasili ɗanye ake yawan cinsa. Ba kowane mai lambu ke samun ruwa mai tsabta ba. Duk wanda ya san Kano ya san lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara, kuma kowane babban gari yana da irin nasa. Wanda ka shuka da hannunka ka san ruwan da ya sha.

Farkon abin da za ku koya shi ne lokaci, kuma a nan nake so ku yi hattara da wayoyinku. Yawancin bidiyon da za ku gani a intanet a Ingila ko Amurka aka ɗauke su. Za ku ji ana cewa a shuka a watan Maris ko Afrilu, a ajiye a inda rana ke duka tun safe har yamma. Gaskiya suka faɗa game da ƙasarsu. A nan kuwa Maris ne tsakiyar bazara, zafin rana kan haura digiri 35, kuma irin fasili ba ya son tsirowa a ƙasa mai zafi. Namu lokacin shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗowa, dare ya fara yin sanyi. Wanda ya shuka a lokacin zai samu Disamba da Janairu, watannin da suka fi kusa da abin da ganyen ya saba da shi, ya yi girmansa a ciki. Yana ɗaukar kwana 70 zuwa 90 daga shuka zuwa yankan farko, don haka a shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin Fabrairu da Maris, shukar Nuwamba za ta riski kayan buɗa-baki.

Mafi kyawun malamin da za ku samu a wannan fanni wataƙila yana zaune a bakin get ɗinku. Da yawa daga cikin masu gadin gidajen Abuja manoma ne, wasunsu ma sukan nemi izini su koma gida idan damina ta sauka. Ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, “Baba, ƙasar nan ta yi kuwa?” Ku kalli yadda zai damƙi ƙasar ya murza ta a tafin hannu, ya shinshina, ya gaya muku ko takin ya ruɓe ko da saura. Zai yiwu bai taɓa shuka fasili ba, amma ya yi renon albasa da tumatir da barkono, ya san yadda ake lallaɓa ƙaramin iri. Ina jin takaicin yadda yaranmu ke wuce irin waɗannan dattawa safe da yamma, iyakar abin da ke haɗa su “buɗe get” da “rufe get”, alhali a kansu akwai ilimin da ba a saya.

Sai wuri. Ku ware rana guda, Asabar ko Lahadi, ku bi rana da ido a cikin gidanku. Ku duba da hantsi, ku duba da azahar, ku duba da la'asar, ku ga ina ne haske, ina ne inuwa. Abin da kuke nema shi ne kusurwar da ke samun ranar safe ta awa huɗu zuwa biyar, sannan inuwa ta rufe ta kafin azahar ta yi zafi. Galibi gindin katanga ne ta fuskar da ke kallon gabas, yadda katangar za ta tsaya tsakanin tukunyar da ranar yamma. Za ku kuma lura da abin da ba ku taɓa lura da shi ba: a watannin sanyi rana tana karkata kudu, inuwar tsakar rana tana faɗawa arewa, amma daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta sai ta koma ta arewa, inuwar ta juya. Wurin da ya yi daidai a Disamba zai iya zama tanda a Afrilu. Amfanin shuka a bokiti ke nan, ana iya ɗauka a matsar.

Game da mazubi, zurfi ya fi faɗi muhimmanci. Fasili yana da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa irin ta ɗan'uwansa karas, don haka yana son zurfin da ya kai santimita 25 zuwa 30. Bokitin fenti mai lita 20 ya wadatar, a wanke shi tas, a gasa ƙusa a huda masa ƙofofi da yawa a gindi. Wanda ya samu tukunyar ƙasa ya fi kowa dace, don jikinta na fitar da gumi, yana sanyaya saiwa. Kuma muna zaune ne a ƙasar masu ginin tukwane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar wannan yanki ce, kuma har yau ana gina tukwane a Ushafa. Kowane mazubi kuka samu, kada ku ɗora shi kai tsaye a kan intalok ko siminti. Ku taɓa daɓen da ƙafa ba takalmi da ƙarfe biyun rana, za ku gane abin da saiwar za ta sha. A ɗora a kan bulo biyu ko katako, iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, ruwa kuma ya samu hanyar fita. Kada a bar faranti a ƙarƙashi ruwa ya kwanta, gidan sauro ne.

Jar ƙasar Abuja ita kaɗai ba za ta yi ba. Idan ta jiƙe danƙo take yi, idan ta bushe ta ƙame, ƙaramin tsiro ba zai iya fasa ta ba. Masu sayar da furanni a bakin titi suna sayar da baƙar ƙasa da taki a buhu. Ku haɗa kashi biyu na baƙar ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. Na ce ruɓaɓɓe, ku riƙe wannan. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Takin da ya nuna baƙi ne, ba ya wari, ba a gane abin da yake a da. Idan kun haɗa, ku yayyafa ruwa ku dunƙula a hannu. In ya dunƙule, sannan kuka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya manne ya ƙi rabuwa, a ƙara yashi.

Yanzu ga iri, inda mafi yawan masu farawa ke karaya. Ku saya a shagon masu kayan noma, a cikin fakitinsa, ku duba kwanan watan da ke jiki. Irin fasili ba ya daɗewa da rai, bayan shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya ragu sosai, balle wanda ya sha rana a rataye a ƙofar shago. Kala biyu za ku fi samu: mai ganye a murɗe, wanda otal-otal ke ƙawata faranti da shi, da mai shimfiɗaɗɗen ganye. Na biyun nake ba ku shawara, ya fi ƙamshi, ya fi daɗin girki, ya kuma fi sauƙin wankewa idan ƙurar hunturu ta sauka a kansa.

Ku zuba irin a tafin hannu ku dube shi da kyau. Ƙanana ne, ruwan toka-toka, kowanne a ɗan lanƙwashe da zane-zane a bayansa, kuma idan kun murza za ku ji ƙamshin ganyen tun bai fito ba. A jikin ɓawon nan akwai sinadaran da ke hana shi saurin tsirowa, sannan ɗan tsiron da ke ciki bai gama ƙosawa ba, sai ya ƙara girma a cikin ƙwayar bayan ta sha ruwa kafin ya iya fasowa. Shi ya sa yake ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci ma fiye. Ku jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi ya kwana, da safe ku tsiyaye ruwan ku zubar a wani wuri, ba a cikin bokitin ba. Ku shuka a inda zai zauna, don doguwar saiwarsa ba ta son dashe. Zurfin rabin santimita ya isa. Ku rufe da ƙasa mai laushi, ku danna a hankali da tafin hannu, ku yayyafa ruwa, sannan ku lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko busasshiyar ciyawa don iska kada ta busar da saman. Ku rubuta ranar da kuka shuka a jikin bokitin.

Daga nan za ku yi kwanaki kuna shayar da ƙasar da ba ta nuna muku komai. Mako na farko da marmari za ku yi. A na biyu zuciya za ta fara raya muku cewa irin jabu aka sayar muku. Nan ne wasu ke daina ban ruwa, ba su san cewa a daidai lokacin ƙwayar ta fara buɗewa a ƙarƙashi ba, kuma bushewar yini guda a cikin iskar hunturu ta isa ta kashe ta. Wasu kuma su sa tsinke su tona don su gani, wasu su yi ta kwarara ruwa har irin ya ruɓe. Haƙurin da ake bukata a nan mai aiki ne: kullum bayan sallar asuba a ɗaga buhun, a taɓa ƙasa, in saman ya fara bushewa a yayyafa, a mayar da buhun. Ranar da rubutun jikin bokiti zai yi muku amfani ke nan, don zai gaya muku kwana goma sha biyu ne kacal, ba wata guda ba yadda zuciyarku ke ƙirgawa.

Wata safiya za ku ɗaga buhun ku ga wani siririn abu fari-kore ya lanƙwaso daga ƙasa, kansa na ciki tukuna. Ku cire buhun daga ranar. Washegari zai miƙe da siraran ganye biyu dogaye, wani lokaci ɓawon irin na maƙale a bakinsu. Ba su yi kama da fasili ba ko kaɗan, kuma an sha tuge su da sunan ciyawa, don haka ku gargaɗi duk wanda ke share tsakar gida. Sai ganye na uku ya fito daga tsakiya, ɗan mitsitsi mai baki a rarrabe, shi ne na gaskiya. Ku ɗan taɓa shi ku shinshina yatsanku. Idan tsiron sun yi ganyen gaskiya biyu ko uku, a rage su, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakani. Uku sun ishi bokiti guda. Za ku ji nauyin cire abin da kuka daɗe kuna jira, amma in kun bar su a cunkushe duka za su tsumbure. Waɗanda aka cire a wanke a sa a ƙwai.

Ƙadangaru na son ɗanyen tsiro, kaji ma haka, kyanwa kuma tana son tona ƙasa mai laushi. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu ya isa maganinsu.

Ruwa kuwa, wanda gidansu ke samun na famfo daga madatsar Usuma ya gode Allah. Wanda ke dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa ya san kowace jarka da kuɗinta, amma bokiti ɗaya na fasili ba zai sa a ƙara sayen ko jarka ɗaya ba idan an yi dabara. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, ruwan alwala da aka tara a roba, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne mai sabulu ko omo ko gishiri ko maiƙo. Kafin ku zuba, ku cusa yatsa har gaɓar farko. In da danshi ku bari, in ya bushe ku zuba har sai ya fara ɗiga ta gindi. Cikin hunturu ku riƙa watsa wa ganyen ruwa da safe don wanke ƙura, ku kuma riƙa juya ganyen kuna duba bayansa, can ne darɓa da ƙananan ƙwari ke taruwa. In kun gan su, ku daka ganyen darbejiya ku jiƙa ya kwana, ku tace ku fesa da yamma. Ina roƙonku da babbar murya, kada wanda ya kusanci wannan ganye da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na gida. Abin da za a ci ɗanye ne, kuma yara za su tsinka su sa a baki.

Idan ya kai tsawon tafin hannu ya yi cunkus, yanka ya yi. Kada ku aske kansa. Ku bi rassan da ke waje, manyan, ku yanke su daga can gindi, ku bar na tsakiya don daga nan sabo ke fitowa, kuma kada ku ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Bayan kowane 'yan makonni a ƙara masa ɗan taki cikin hannu a gefen bokiti. Da haka tushe uku za su yi watanni suna ba ku.

Kuma ku mutanen Kado kuna da abin da ya fi dacewa da wannan ganye a ƙofar gidanku, wato kasuwar kifi. Mutanen Senegal suna da wani haɗi da suke kira rof, shi ne ran shinkafa da kifinsu da ake kira cebujen, abincin da hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake karewa a 2021. Ga yadda yake: a sa fasili cike da hannu a turmi, da tafarnuwa, da attaruhu, da albasa mai lawashi, da gishiri, a daka har ya zama kore shar ya haɗe jikinsa. Sai a ɗauko gutsuren kifi mai tsoka, karfasa ko giwan ruwa, a soka wuƙa a yi masa rami biyu ko uku, a cusa haɗin da yatsa har ciki, sannan a soya ko a gasa. Lokacin da kuka ɓare kifin a faranti za ku tarar da koren a tsakiyar farar tsoka, ƙamshinsa ya ratsa ta, ƙarnin ya tafi. Kwarorin da suka zauna a Kano tun farkon ƙarni na 20 kuwa suna da tabule, kwaɗon da fasili ne jigonsa, a yanka shi ƙanana a haɗa da tumatir da na'ana'a da ɗan barzajjen alkama da lemun tsami da man zaitun. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sabawa da shi, a Yamai da Maraɗi tare da seleri ake sayar da shi cikin kayan miya na yau da kullum. Ku gwada shi a dambu, a farfesu, a kwaɗon zogale. Ganyen a ƙarshe ake sa shi bayan an sauke tukunya, don wuta na kashe ƙamshinsa. Karan kuwa a yanka a sa tun farko.

Za ku ji ana yi masa kirari a waya cewa yana wanke ƙoda, yana narkar da teɓa, yana maganin kaza da kaza. Ku yi taka-tsantsan. Abin da aka tabbatar shi ne yana da bitamin K mai yawa ƙwarai, da bitamin A, da sinadarin ƙarfe, kuma in an auna nauyi da nauyi bitamin C ɗinsa ya fi na lemun zaƙi. Abinci ne mai kyau. Amma mai juna biyu kada ta dafa shi da yawa ta sha da sunan magani, kada kuma ta kusanci irinsa ko mansa; ɗan abin da ake sawa a girki ba shi ne abin tsoro ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin warfarin, ko mai ciwon ƙoda, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abin ci da yawa kullum.

Ba zan yaudare ku da cewa bokitin fasili zai ciyar da gida ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, kuma ba ganyen ƙamshi ne zai warware wannan ba. Tun 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi shirin ciyar da ƙasa, ta kira kowa ya noma bayan gidansa, kira irin wannan kuma bai daina dawowa ba duk lokacin da abinci ya yi tsada. Abin da na gani shi ne kiran ba ya kama wanda hannunsa bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya iya fitar da fasili daga iri a Kado, tumatir da attaruhu da kuɓewa a buhu ba za su gagare shi ba. In kuma wata ta fara tunanin sayar wa masu gidan abinci da masu shawarma, madalla, amma ta bari sai ta ga shukarta ta ratsa hunturu da bazara da damina tukuna, ta san abin da za ta iya yin alkawari a kai.

Mafi yawanku haya kuke, don haka ku nemi izinin mai gida kafin ku jera bokitai, ku nisanta su kaɗan daga bango don danshi kada ya ɓata fenti. Na saman bene su tabbata ruwan barandarsu ba ya ɗiga a kan shanyar na ƙasa. Yankan farko kuma a raba shi, a kai wa Baba mai gadi da maƙwabciyar da ta jure ganin bokitanku a hanya. Ya inganta a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Idan Maris ya kama, a matsar da bokitin inda ranar safe kaɗai ke taɓa shi, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu, a shayar safe da yamma. Zai rage girma, wasu ganyen gefe su yi rawaya, a cire su. Damina kuma nata haɗarin daban: ruwan Yuli da Agusta in ya kwanta a bokiti saiwa ruɓewa take yi, ganye ya yi ɗige-ɗige, don haka a janye shi ƙarƙashin rumfa ko baranda, a duba ƙofofin gindi ba su toshe ba. A ƙasarsa ta asali shekara biyu yake yi, sai ya sha sanyi mai tsanani sannan ya yi fure ya ba da iri a shekara ta biyu. Sanyinmu bai cika kai masa ba, saboda haka kada ku dogara da samun iri daga naku. In ya gaji ya mutu cikin damina, ku juye ƙasar, ku gauraya ta da sabon taki, ku shuka ɗaɗɗoya ko alayyafo su ci ruwan sama. Cikin Oktoba sai ku nemi sabon fakiti, ku duba kwanan watan da ke jikinsa kafin ku biya.